Tsintacciyar Bindiga Da Wadda Ta Lalace: Matsayin Dokar Ƙasa Da Hukuncin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta jinin ɗan Adam da dukiyarsa da mutuncinsa sai da haƙƙi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ake kawo wa limamai da masu wa'azi a ƙasar Gumel, yawanci a keɓe, bayan sahu ya watse. Takan zo ta fuska uku. Manomi yana sharar gona ko kaftu sai garma ta tono masa bindiga mai tsatsa. Magada sun buɗe akwatin mahaifinsu, tsohon soja ko tsohon mafarauci, sun iske libarba wadda kunamarta ta daina aiki. Ɗan gwangwan ya auni tarkacen ƙarfe, da ya zo tsincewa sai ya ga bututun bindiga da gidan harsashi. Tambayar kowanensu iri ɗaya ce: tunda ba ta harbi, ko tunda ɓangare ne kawai, ko tunda tsinta na yi ban sata ba, ya halatta in ajiye ko in sayar?

Amsar tana da ɓangaren doka da ɓangaren fiƙihu, kuma a wannan karon sun haɗu a matsaya guda. Ya kamata magidanta da ɗalibai su san dalilan kowanne, domin kuskure a nan yana iya cin shekara goma na rayuwar mutum, ko ya ci ran yaro a tsakar gida.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Biyu daga cikinsu, Maigatari da Sule Tankarkar, suna kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, iyakar da ba kogi ba dutse, sai gonaki da burtali da 'yan uwantaka ta aure da haihuwa. Kowace Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari takan tara fatake daga Nijar da jihohin Arewa da kudancin Najeriya, kuɗi masu yawa suna sauya hannu a yini ɗaya. Wannan alheri ne babba, amma hanyar da saniya da raƙumi suke bi ita ce mai fasa-ƙwauri yake bi.

Tun bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, makamai suka bazu a yankin Sahel. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Maigatari cikin huɗun farko a Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Duk lokacin da aka toshe babbar ƙofa, ƙananan hanyoyi ne suke ƙara yin ƙarfi, kuma ba a rufe su da sanarwa. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 2006 kan ƙananan makamai ta kasance ginshiƙin haɗin kan ƙasashen yankin a wannan fanni.

Allah ya rufa wa Jigawa asiri, ba ta ga irin abin da Zamfara da Katsina da Sakkwato suka gani ba. Sai dai mai fasa-ƙwaurin makami ba ya ɗauko bindiga a haɗe idan zai iya rarraba ta. Bututu a cikin buhun hatsi, ƙota a ƙarƙashin kujerar mota, harsashi a cikin jarkar manja. Wanda ya ga jami'an tsaro a gaba yakan jefar a gona ko ya binne da niyyar dawowa. Saboda haka abin da manomi yake kira tsintuwa sau da yawa ajiyar wani ce, kuma mai ajiyar ba mutumin kirki ba ne.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar da ke tafiyar da mallakar bindiga a Najeriya ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai kuma har yau tana aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, gurneti da bama-bamai, da kuma libarba da fistol kowane iri. Waɗannan babu mai riƙe su sai da lasisi daga Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne bindigogin toka waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin na mafarautanmu, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

A lura da abu biyu. Na farko, ƙaramar bindigar hannu tana cikin kashi na farko, tare da bindigar yaƙi. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙantarta yana sauƙaƙa hukuncinta, alhali sauƙin ɓoye ta a aljihu shi ne ya tsananta shi. Dokar ma ta ambaci gajerun bindigogin hannu na gargajiya a wannan kashi, don haka wadda maƙeri ya ƙera a ƙauye ba ta fita ba.

Na biyu, wanda shi ne zuciyar maganarmu, sashe na 2 na dokar, wajen fassara kalmar bindiga, ya haɗa da kowane ɓangare daga ɓangarorinta. Haka ya yi wajen fassara harsashi. Ma'ana, wanda aka kama da bututun fistol shi kaɗai, a idon doka an kama shi da bindiga. Daga nan ne hukuncin lalatacciya yake fitowa: bindigar da ta daina harbi tarin ɓangarori ce, kuma kowane ɓangare yana da hukuncin cikakkiya. Lauya yana iya jayayya a gaban alƙali kan ko ƙarfen ya ruɓe har ya tashi daga sunan bindiga, amma kafin a kai nan mutum ya riga ya kwana a tsare, iyalinsa sun sayar da abin da suka sayar.

Hukuncin riƙe bindiga ta kashi na farko ba lasisi shi ne ɗauri na aƙalla shekara goma. Na kashi na biyu yana kaiwa shekara biyar. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ita ma ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Gyara ma ba a sake shi ba: ƙerawa ko harhaɗawa ko gyaran bindiga sai da izinin hukuma, don haka wanda ya kai wa maƙeri ko mai walda libarba ya gyara ya jefa mutum biyu cikin laifi.

Game da gado, lasisin bindiga na mutum ne shi kaɗai, ba a gadonsa. Dokar ta ba wanda dukiyar mamaci take hannunsa kwana goma sha huɗu bayan rasuwar mai lasisi ya riƙe bindigar, daga nan sai ya nemi izini da sunansa ko ya miƙa ta. Wannan sassauci na bindiga mai lasisi ne. Wadda tun asali ba ta da takarda ba ta da ko kwana ɗaya.

Matasanmu suna kallon bidiyon Amurkawa suna sayen ɓangarorin bindiga a shago suna harhaɗawa a gida. Can kundin tsarin mulkinsu ya ba da haƙƙin riƙe makami tun 1791, kuma dokar tarayyarsu gangar jikin bindigar take ɗauka a matsayin bindiga, sauran ɓangarori ta sake su. Najeriya ba haka take ba, kuma alƙalin Dutse ko Gumel ba da dokar Amurka zai yi hukunci ba. Hasali ma ƙasar tana ƙara matsawa ne: an kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu a dokar da ta ba ta cikakken gindin zama.

Babin tsintuwa a fiƙihu

Ɗaliban da suka karanta Risala ko Muhtasar sun san babin luƙaɗa. Tushensa hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani ne, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: an umarci mai tsintuwa ya kiyaye siffar jakar da maɗaurinta, ya yi cigiya shekara guda. Daga wannan kaɗai za a gane cewa tsinta ba ta cikin hanyoyin mallaka nan take. Amana ce ta faɗo hannun mutum. A wata ruwaya ta Muslim an siffanta wanda ya ɓoye ɓatacciyar dabba bai yi cigiyarta ba da cewa shi ma ɓatacce ne.

Malaman Malikiyya sun yi tafsili kan ɗauka tun farko. Idan mutum ya san kansa da cin amana, haramun ne ya ɗauka. Idan ya amince da kansa kuma yana tsoron maha'inci ya riga shi, ɗauka ta wajaba don a tsare wa mai ita. In ba haka ba, makaruhi ne. Sun kuma ce wanda ya ɗauka da niyyar mallakewa tun farko, lamuninta yana wuyansa kamar mai ƙwace.

Idan muka ɗora bindiga a wannan ma'auni, za mu ga ta bambanta da jakar kuɗi ta fuska uku. Cigiyarta a ƙofar masallaci ko a kasuwa, kamar yadda ake yi wa sauran tsintuwa, kiran ɓarayi ne. Mayar da ita ga wanda ya zo ya siffanta ta, alhali mafi rinjayen zato ɗan fashi ne ko mai fasa-ƙwauri, taimako ne a kan zunubi da ƙetare iyaka, wanda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Mallakarta bayan shekara kuma ya ci karo da hanin hukuma. Idan kuwa mai ita na halal ne, wato rundunar soja ko 'yan sanda ko mai lasisi, babu wanda zai iya gano shi ta lambar da ke jikinta sai hukuma. Ke nan manufar cigiya, wadda ita ce isar da haƙƙi ga mai shi, a nan ba ta tabbata sai ta hanyar sanar da shugabanni. Sanarwar ita ce cigiyar.

A cikin hadisin Zaidu akwai wani darasi. Da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓataccen raƙumi, ya hana a taɓa shi, alhali ya yi izinin kama akuya. Wannan ya nuna ba kowace tsintuwa ake sa wa hannu ba. Hukunci yana bin yanayin abin da maslahar da ke ciki. Jama'ar Jigawa ba su manta da daren Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi, mutane suka taru ɗiban abin da suka ɗauka tsintuwa ce, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Akwai abin da barinsa a inda yake shi ne tsira.

Ɓangare da lalatacciya a ma'aunin Shari'a

Makami a kan kansa ba haramun ba ne. Sahabbai sun riƙe takubba da bakuna, Alƙur'ani ya yi umarni da tanadin ƙarfi a aya ta 60 ta Suratul Anfal, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne. Amma Shari'a ta kewaye makami da ladubba masu tsauri. An umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani. An hana miƙa takobi a zare. An hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannu. Bukhari ya ruwaito cewa da mashi ya soki ƙafar Abdullahi ɗan Umar a Mina, ya ɗora alhakin a kan Hajjaju, saboda shi ya bari aka shigo da makami a rana da wurin da ba a ɗaukarsa. Wannan ƙissa hujja ce cewa tsara inda makami zai shiga da wanda zai riƙe shi aikin shugaba ne, kuma za a tambaye shi a kai.

Daga nan malamai suka fitar da cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne idan maslahar jama'a ta buƙata, kuma biyayya gare shi a abin da ba saɓon Allah ba wajibi ce, bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Dokar lasisin bindiga tana cikin wannan babi, kamar lasisin tuƙi da na sayar da magani.

To, ɓangare fa? Magabata sun tattauna abin da ya yi kama da shi a babin sayar da makami lokacin fitina, wanda aka ruwaito Imrana ɗan Husaini ya ƙi shi. Hanafawa sun bambance tsakanin makami da ɗanyen ƙarfe: sun karhanta sayar wa 'yan fitina makami, ba su karhanta ƙarfe ba, domin sai an yi masa ƙira kafin ya zama abin kisa. Malikiyya sun fi tsanantawa, sun hana sayar wa abokan gaba duk abin da zai ƙarfafa su a yaƙi, har sirdi da tagulla. A kan kowane ra'ayi aka bi, bututun fistol da gidan harsashi ba ɗanyen ƙarfe ba ne. An gama ƙera su, ba su da wani amfani sai wanda aka yi su dominsa, kuma ƙa'ida a mazhabarmu ita ce abin da ya kusanci abu yana ɗaukar hukuncinsa. Lalatattun bindigogi biyu a hannun gwani sukan zama lafiyayya guda.

Imam Ƙarafi ya kasa hanyoyin ɓarna gida uku: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wadda aka haɗu a kan barinta, kamar shuka inabi duk da ana iya yin giya da shi, da wadda aka yi saɓani. Inabi ana cinsa, galibin amfaninsa halal ne. Ɓangaren libarba da aka sayar a ɓoye ga wanda ba shi da izini ya fi kama da rijiyar kan hanya. Kuɗinsa ba shi da tsarki, kuma mai sayarwa yana da kaso a jinin da za a zubar da shi.

Ita kuwa wadda ake cewa ta mutu, sau nawa aka ji labarin bindigar da aka rantse babu komai a cikinta ta tashi a hannun yaro? Harsashi yakan maƙale a ciki shekaru. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma uban da ya ajiye ta ƙarƙashin katifa ba zai kuɓuta daga laifin sakaci ba. 'Yan gwangwan su ma su yi hattara: a Yunin 2025 wani abin fashewa da ya shigo Kano cikin lodin tsofaffin ƙarafa ya tashi ya kashe mutum biyar, kuma tun 2023 gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa saboda matsalar tsaro.

Hujjar kare kai

Ba adalci ba ne a rufe maganar ba a saurari wanda yake cewa: hukuma ba ta kare ni ba, don me zan miƙa abin da zan kare iyalina da shi? Manya sun faɗi irin wannan. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi makamancinsa a 2021. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Afrilun 2025 Gwamna Umar Namadi na Jigawa ya ce barin kowa ya ɗauki makami zai haifar da rashin doka.

Tsoron mai wannan hujja gaskiya ne, kuma tunkuɗe maharin da ya faɗo wa mutum gida haƙƙi ne da Shari'a ta tabbatar. Amma a duba abin da ake magana a kansa. Bindiga mai tsatsa a hannun wanda bai taɓa koyon harbi ba ta fi kusa da fashe masa a hannu fiye da korar ɗan fashi. Labarinta idan ya fita, kuma zai fita, shi zai jawo masa maharan da suke nemanta. Sannan rikicin da ya fi yawa a ƙasarmu na gona da burtali ne lokacin kaka, da na iyakar fili tsakanin dangi. Faɗan da sanda za ta bar shi a rauni da sulhun dagaci, bindiga takan mayar da shi gawa da ramuwa. Kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Wanda yake da buƙata ta gaskiya, kamar mafarauci ko ɗan sintiri, ƙofarsa ita ce rajista da izini a ƙarƙashin idon hukuma da masarauta.

Abin da ya kamata a yi

Wanda ya ga bindiga ko ɓangarenta ko harsashi a gona ko daji, kada ya ɗauka, kada ya gwada kunamarta, kada ya ɗauki hoto ya watsa. Ya kori yara daga wurin, ya kira mutum biyu amintattu su gani. Abu Dawud ya ruwaito umarnin kafa shaidu adilai a kan tsintuwa, kuma a nan shaidun kariya ce gare shi. Sannan ya sanar da mai unguwa ko bulama ko dagaci, su kira baturen 'yan sanda na yankin a zo a ɗauka. Kada ya saɓa ta a babur ya nufi ofis shi kaɗai, domin a shingen hanya ba a karanta niyya.

Magada su bi wannan hanya, kuma malamin da yake raba gado kada ya sanya bindiga marar izini cikin tarika. Maƙera da masu walda su ƙi karɓar gyaranta. Dillalan gwangwan su ware abin da suka yi shakka a kai, kada su daka shi ko su sa shi a wuta.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Abin da yake sa mutane su jefa tsintacciyar bindiga a tsohuwar rijiya ko su yi shiru shi ne tsoron kada mai kai rahoto ya zama wanda ake tuhuma. Muddin wannan tsoro yana nan, makamai za su ci gaba da kwana a rumbuna. Ya dace rundunar 'yan sanda da majalisar masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumomin huɗu su fito da tsari bayyananne: wa ake gaya wa, a gaban wa ake miƙawa, da takardar shaidar karɓa da za a ba wanda ya miƙa. A sanar da shi a masallatan Juma'a da kasuwanni. Shugaban da ya hana talaka riƙe makami ya ɗaukar wa kansa alkawarin tsare shi, kuma Allah zai tambaye shi wannan alkawari.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa, ya shiryi shugabanninmu zuwa ga adalci. Allah ne mafi sani.